Mai Sitiriyo na Hindawiyya

A unguwar Hindawiyya ta Jidda in ka tambayi gidan Musbahu Lado, ba lalle a gane wanda kake nufi ba. Amma in ka ce Mai Sitiriyo, ko mai sayar da ƙanƙara zai nuna maka lungun. Sunan kuwa kuskuren ji ne. Wata tsohuwa 'yar Girka ce ta riƙa zolayarsa da "mayestiro", wato shugaban makaɗa a bakin Turawa. Direbanta, wani ɗan Maraɗi, ya kwaso kalmar ya kawo unguwa yadda kunnensa ya ba shi. Mutane suka duba, suka ga lalle mutumin yana da rikoda mai lasifika biyu, sai sunan ya zauna.

Ni na san shi a 1996, ina sabon zuwa Jidda, ina aiki a ɗakin magani na wani asibiti. Babban littafin magunguna da na taho da shi daga Zariya ya rabu gida uku a cikin akwati, sai wani abokin aiki ya kwatanta mini shagon ɗinkin littattafai a Bagdadiyya, bayan ofisoshin masu sayar da tikitin jirgi. Na yi sallama sau biyu ba a amsa ba. Can ciki na hango wani siririn mutum mai furfura a gemu kaɗai, ya rufe kunnuwansa da abin sauraren kaset, ga wani faffaɗan littafi mai layi-layi a gabansa yana binsa da yatsa. Ya ɗago ya gan ni, ya ɗaga hannu alamar in jira. Na jira kusan minti uku. Da ya cire abin kunnen sai ya amsa sallamar duka biyu.

Ya ce, "Yi haƙuri, Malam. Ba a katse mutum yana cikin mutuwa."

Na ce, "Wa ke mutuwa?"

"Wata baiwar Allah ce a Italiya. Kullum bayan azahar take mutuwa, in babu ciniki."

Ya ɗinke mini littafin cikin kwana biyu, har yau yana nan bai motsa ba. Daga ranar ya sa mini suna Likita, duk da na sha gaya masa ni magani kawai nake bayarwa. Labarinsa kuwa a hankali na tattara shi, wani daga bakinsa, wani daga bakin matarsa, wadda takan gyara masa duk inda ya ƙara gishiri.

Musbahu ɗan Sakkwato ne, daga gidan dukawa. Mahaifinsa gafaka da jakunkuna yake ɗinkawa, shi ma ya tashi da basilla a hannu. Ya zo aikin Hajji a 1976 yana ɗan shekara ashirin da huɗu. Da aka gama, ya ga kowa a Jidda aiki yake yi, ana ta rushe-rushe da gine-gine, sai ya ce bari ya ƙara wata uku. Ya yi dako a kasuwa, ya yi leburanci, yana kwana ɗaki ɗaya da mutum shida. Wata rana ya ɗauko damin takarda zuwa shagon wani dattijo ɗan Hadaramaut mai ɗinkin littattafai, ya tarar da ma'aikacin shagon yana manna fata a bangon littafi ba tare da ya fere gefenta ba. Abin ya tsaya masa a wuya. Da guntun Larabcinsa ya ce ba haka ake yi ba. Mai shagon bai yi musu ba, ya miƙa masa wuƙa. Bai sake dako ba daga ranar. Daga baya dattijon ya zama kafilinsa, mai tsaya masa a wurin hukuma, ya yi masa iƙama, wato takardar zama. Ya auri Barakatu, haifaffiyar Hindawiyya, wadda kakanninta suka zo a ƙasa ta Sudan. Hausarta rabi Larabci ce, in ta yi fushi kuma Larabcin ke cinye sauran rabin.

A 1981 Madam Irini ta shigo shagon. 'Yar Girka ce amma a Iskandariyya ta girma, Larabcin Masar take yi, mijinta kuma akawu ne a wani kamfanin jiragen ruwa. Ta kawo wani tsohon littafi da damshin Jidda ya cinye wa baya, ta ce a sake masa bango kawai. Musbahu ya buɗe, ya ga ba harafi ba ne, ba lamba ba: layuka biyar-biyar, da baƙaƙen ɗigo masu sanduna sun hau kansu. Ya ɗauka lissafin injiniyoyi ne. Ya yi bangon da fata mai kyau, sannan, da yake ba ya son rabin aiki, ya ɗauki alƙalami ya bi duk inda tawada ta koɗe ya ƙara mata. A wani shafi ya ga ɗigo ɗaya zaune a kan layi, shi kaɗai ba shi da sanda. Ya tausaya masa, ya ja masa sanda kamar 'yan'uwansa.

Bayan mako guda direban nan ya zo ya ce Madam na nemansa a gida. Ya shiga mota suka tafi. A falon gidan ya tarar da wani baƙin akwati mai sheƙi wanda ya kusa girman ɗakinsu, mijin yana gefe yana karanta jarida. Madam ta zauna gaban akwatin, ta buɗe littafin a shafin nan, ta ce, "Zauna ka saurara. Zan kaɗa abu ɗaya sau biyu, ka gaya mini wanne ne daidai."

Bai taɓa ganin fiyano ba. Ta kaɗa, ta tsaya, ta sake kaɗawa.

Ya ce, "Na biyun. Na farkon kamar mutum yana tafiyarsa lafiya sai ya yi tuntuɓe."

Ta ɗora yatsa a kan ɗigon da ya yi wa sanda. "Ga tuntuɓen. Wannan kashin ƙuda ne. Shekara arba'in yana nan, ba wanda ya taɓa kaɗa shi sai da ka ba shi matsayi."

Mijin ya yi dariya har jaridar ta faɗi. Musbahu bai yi dariya ba, bai ma ba da haƙuri ba, don wani abu daban ya kama shi. Ya ce, "Madam, wato wannan rubutun sauti ne?"

Ta ce sauti ne. Ta ce wanda ya rubuta ya fi shekara ɗari da mutuwa, amma duk wanda ya iya karatun, ko a ina yake, zai fito da abin yadda mutumin ya ji shi a kansa. Musbahu ya gaya mini a nan ne ya tuna wani mai goge na unguwarsu a Sakkwato, wanda in yana kiɗa mata kan bar tuwo ya ƙone. Da ya rasu, abin da yaransa ba su riƙe ba ya tafi tare da shi. Ga wasu mutane kuma sun samo hanyar ajiye irin wannan a takarda, har ƙuda na iya zama a kai.

Madam tana da kwalaye cike da irin littattafan, duk damshi ya taɓa su. Suka shirya: duk Alhamis bayan la'asar zai zo ya karɓi guda ya kawo wanda ya gyara, ita kuma ta koya masa karatun nota, yadda Larabawa ke kiran rubutun. Mijin yakan zauna da jaridarsa, kafin a yi nisa barci ya kwashe shi. Ta yi ƙoƙarin ɗora shi a kan fiyanon, amma yatsun da suka saba da basilla ba su san lallashi ba. Bayan wata biyu ta rufe murfin ta ce, "Halas, mayestiro, mu bar fiyano ya huta. Kai kunne gare ka da ido." Sai ta koma sa masa faifai tana nuna masa da fensir inda ake. Ya fara da layi ɗaya, ya koma biyu. Bayan shekara uku yana iya buɗe babban littafin da ke ɗauke da kiɗan mutum sittin, layin masu goge daban, na masu sarewa daban, na masu ƙaho daban, ya bi su gaba ɗaya, har ya nuna maka inda mai tambari zai shigo kafin ya shigo.

Ranar da ya fara kai kaset ɗin opera gida, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa da waƙa, Juma'a ce da hantsi. Barakatu na da tsohon ciki a lokacin, tana zaune tana tsince shinkafa. Ya sa kaset, ya ƙure murya, don Madam ta ce ba a jin abin a ɓoye. Aka ɗan yi goge, sai wata mace ta ɗauki murya tun daga ƙasa ta yi sama da ita, ta ƙi saukowa.

Barakatu ta ce, "Ya Musbahu, esh hada, mene ne wannan? Dukanta ake yi?"

Kafin ya amsa aka buga ƙofa. Hajiya Zaituna ce, ungozomar lungun, ta yafa mayafi a karkace, jakar kayan aikinta a hannu, tana haki. Ta ture shi ta shige, ta tarar da mai cikin zaune da faranti a cinya. Ta dubi Barakatu, ta dubi rikoda. Da yake ta riga ta hawo bene, sai ta nemi wuri ta zauna, aka kawo mata shayi, ta saurari waƙar har ƙarshe.

Ta ce, "To, me ya same ta?"

Musbahu ya ce an yi mata alkawari ne aka saɓa.

"Namiji ne?"

"Namiji ne, Hajiya."

Ta kurɓi shayinta. "Ashe har Italiya."

Bayan kwana tara ta dawo da jakar, wannan karon da dalili, aka haifi Sauda.

Daga bakin Hajiya Zaituna labari ya bazu cewa waƙoƙin Mai Sitiriyo labarai ne. A majalisar mai shayi da ke bakin titi, ranar Juma'a bayan la'asar, aka fara ce masa ya ba da na wannan makon. Yakan ba da shi da Hausa tiryan-tiryan, ya mayar da sarakunan su zama hakimai, sojojin su zama dogarai, in ya zo wurin waƙa ya ɗan rera da muryarsa mai kama da ta agwagwa. Babban mai yi masa gardama Jabiru ne, direban tasi, wanda ba ya barin komai ya wuce.

"Tsaya, Alhaji. Ka ce an soke shi da takobi?"

"An soke shi."

"Kuma ya tsaya waƙa?"

"Minti goma sha biyu."

"Babu asibiti a garin?"

Musbahu yakan ce ai waƙar ba a lokacin agogo take ba. Abin da ke ratsa zuciyar mutum cikin ƙiftawar ido ne aka shimfiɗa shi don kowa ya gani. Jabiru yakan ce ko ma dai mene ne, da an kira tasi.

Ba kowa ke sha'awar abin ba. Malam Salihu, dattijon da ke karantar da manya a masallacin lungun, ya kira shi gefe tun farko ya ce masa kiɗa shagala ne, bai dace da mutum mai iyali ba. Musbahu ya saurara, ya yi godiya, bai yi musu ba. Ya rage murya a gida, ya sayi abin kunne, kuma da an kira salla yakan kashe ko ana tsakiyar me. Malam Salihu bai canja ra'ayi ba, bai kuma fasa kawo masa littattafansa ɗinki ba, don ya ce duk Jidda ba mai yi wa littafi baya kamarsa. Sau ɗaya ya ɗauki littafin nota a kan tebur ya juya shi, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Rubutun dai ya tsaru. Allah ya sa ka karanta abin da ya fi shi."

Musbahu ya ce, "Amin, Malam."

A 1990 mijin Madam ya yi ritaya, suka koma ƙasarsu. Fiyanon ta sayar, amma littattafan nota da fayafayen ta sa direba ya kai su Hindawiyya, kwali huɗu. Barakatu ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo ana shigo da su, ta tambayi direban ko Madam ta aiko da ɗakin da za a zuba su. Wasiƙa biyu suka zo daga Madam, ta uku kuma daga 'yarta ce, mai sanar da rasuwarta.

Lokacin da na san shi, ba da kaset ya zame masa kamar sana'a ta biyu, sai dai ba ya karɓar komai. Yakan kwafa daga faifai zuwa kaset, kuma ba ya rubuta sunan mai kiɗan a jiki, don ya ce sunayen sai su tsorata mutum. Amfanin abin yake rubutawa. Akwai "Na bayan faɗa da kafili." Akwai "Na ranar da na'urar sanyi ta lalace." Akwai "Na kewar gida, kada a sha fiye da sau ɗaya a mako." Wani kuma an rubuta masa da jar tawada, "Ban da masu hawan jini." Ya taɓa ba Jabiru wani mai goge da yawa masu gudu, bayan kwana uku Jabiru ya dawo da shi ya ce tun da ya sa ƙafarsa ta ƙi ɗaguwa daga totur, fasinjoji biyu sun sauka kafin a kai su. Aka musanya masa da na babban goge mai tafiyar raƙumi, wanda ya zauna a motar har ta tsufa.

Ni sai da ya yi mini tambayoyi kamar yadda nake yi wa masu karɓar magani. Wane irin aiki nake yi, ina barci sosai, na bar iyali a gida ko suna nan. Sannan ya ce, "Likita, kai ba za ka fara da opera ba. Wanda ya fara da opera gudu yake yi." Ya ba ni kiɗan wani tsohon Bajamushe, fiyano zalla. "Wannan na masu ƙirga ƙwayoyi ne. Murya huɗu ne a ciki suna bin juna, ba mai taka ƙafar wani. Ka ji shi sau uku. Na farko kana aikinka. Na biyu ka zauna. Na uku ka rabu da na sama, ka bi na ƙasa kawai, ka ga inda zai kai ka."

Ji na farko ban ji komai ba sai ƙwanƙwasa. Na biyu na yi gyangyaɗi. Na so in mayar masa, kunya ta hana ni, sai na yi na ukun a mota, a cikin cunkoson hanyar Madina. Na bi na ƙasan kamar yadda ya ce, sai na ji ashe magana yake yi, na saman yana ba shi amsa, can wani ya shigo da maganar farko daga wani gefe. Na wuce kwanar asibitinmu ban sani ba. Da na gaya masa bai nuna mamaki ba, ya ce, "Kuwayyis. Yanzu ka zo ka ga yadda aka rubuta," ya jawo littafi. Ban taɓa iya karatun ba, amma ya nuna mini yadda maganar nan ke sauka daga layi zuwa layi kamar mai saukowa daga bene.

Duk wannan, Musbahu bai taɓa ganin ƙwararren makaɗin Turawa yana wasa a gaban jama'a ido da ido ba sai a 2004. Wani ƙaramin ofishin jakadanci na Turawa ya gayyato mai fiyano da wata mawaƙiya su yi wa baƙinsu wasa a lambu, lokacin sanyi. A hanya kwalbar man gashi ta fashe a jakar mai fiyanon, ta jiƙa littafinsa, ɗinkin ya saki, lambobin shafi suka narke. Wani ma'aikacin ofishin ya kawo tarkacen Bagdadiyya a leda ya ce a busar kawai, mai shi zai zo ya jera da kansa. Washegari Musbahu ya kira ni a waya ya ce in zo in yi masa tafinta, don Turancinsa bai wuce gaisuwa ba.

Baturen ya zo, dogo, fuskarsa duk damuwa. Aka miƙa masa littafin a ɗinke. Ransa ya ɓaci, ya ce ai ya ce kada a ɗinka. Ya buɗe shafin farko, na biyu, na goma, ya riƙa juyawa da sauri har ƙarshe. Ya ce in tambaya wa ya jera.

Musbahu ya ce shi ne. Ya ce wuri ɗaya ne ya ba shi wahala, inda shafi biyu suka fara iri ɗaya, sai ya buɗe wurin ya rera ƙarshen wancan da farkon wannan da muryar agwagwar nan tasa. Baturen ya tsaya yana kallonsa. Sannan ya ce in tambaye shi ko yana da aiki gobe da yamma, don yana bukatar wanda zai zauna gefensa ya riƙa juya masa shafi.

Barakatu ta wanke babbar riga ta goge. Musbahu ya gwada miƙa hannu a ciki, hannun rigar ya share kofuna biyu daga kan tebur, aka koma kaftani. Aka ba mu kujeru uku a baya, ni da Barakatu da Sauda, wadda a lokacin ta gama karatu tana koyarwa a wata makarantar yara. Musbahu ya fito bayan mai fiyanon da hularsa kube, ya zauna a hagunsa, ya miƙe bayansa kamar wanda ya haɗiye sanda.

Da farko komai ya tafi daidai. Yakan tashi kafin layi na ƙarshe, ya kama kusurwar takarda, ya jira, ya juya ba ƙara. Mawaƙiyar ta yi waƙa uku masu sauri. Ta huɗu mai sanyi ce, ta fara ta kamar raɗa. Daga inda nake na ga kafaɗun Musbahu sun sauka. Shekara ashirin da uku yana jin irin muryar nan ta lasifika, yau ga ta taku uku daga kunnensa, har yana jin inda matar ke jan numfashi. Ya lumshe ido. Mai fiyanon ya kai ƙarshen shafi, ya gyaɗa kai. Ya sake gyaɗawa. Ya yi gyaran murya. A ƙarshe ya fizgi takardar da hannun hagu ya ci gaba, ƙarar takardar ce ta farkar da Musbahu.

Sauda ta rufe fuska da mayafi. Barakatu ta ce a hankali, "Ya fadiha, abin kunya."

Bayan an tashi ya ja ni wurin Baturen ya ce in ba shi haƙuri da kyau, in ƙara da nawa. Baturen ya riƙe hannunsa yana dariya, ya ce a wurin nan shi ma da da hali da ya daina kaɗawa ya saurara. Ya sa hannu a littafin ya ce in an gama wasan gobe a bar wa Musbahu, shi yana da wani a gida. A mota na tambayi Barakatu yaya ta ga wasan.

Ta ce, "Wannan ba ta kai ta kaset ihu ba, ta fi ta hankali. Amma shi aiki ɗaya aka ba shi, wahid bas."

Jabiru ya samu abin yi. Wata shida in Musbahu ya zo majalisa sai ya miƙa masa jarida ya ce, "Alhaji, taimaka ka juya mini, in ba ka shagala ba."

Dattijon mai shago ya rasu a 2010, 'ya'yansa suka mayar da wurin shagon wayoyi. Musbahu ya kwashe abin matse littafinsa da wuƙaƙensa, suka koma unguwar Waziriyya kusa da gidan Sauda, ya ci gaba da ɗinki a gida, mai bukata ya biyo shi. Sauda ta zuba masa kiɗan duka a waya, ya yi godiya, amma ya ce abin da ba ya da bango ba ya shiga ransa. Da aiki ya ragu sai ya ɓullo da wani sabo. Ya lura Barakatu in tana girki takan rera wasu waƙoƙin daka da na raino da ta koya wurin kakarta, waɗanda ko ita ba ta san ma'anar wasu kalmomin ba, Sauda kuwa ko ɗaya ba ta riƙe ba. Ya ja layuka biyar-biyar a farar takarda da hannunsa, ya fara rubuta su. Matsalar ita ce Barakatu ba ta waƙa in an ce ta yi. Sai ta manta da kowa take yi.

A 2012 kwantiragina ya ƙare. Na je yi musu sallama wata Asabar da hantsi, na same shi zaune a kan ƙaramar kujera a bayan ƙofar kicin, takarda a gwiwa, fensir a hannu. Ciki ana suya ana rerawa. Na zauna kusa da shi. Ya nuna mini takardar, baƙin rubutu da wasu 'yan alamu ja a tsakani. Ya raɗa mini cewa muryarta takan sauka tsakanin layi da layi, inda Turawa ba su ajiye gurbi ba, shi ya sa ya ƙirƙiro nasa alamun. Ya ce ya kama talatin da ɗaya, wannan ce ta talatin da biyu, mako uku yana fakonta.

Waƙar ta tsaya.

"Ya shekh, na san kana nan. Ina jin ƙarar fensir."

"Baiti ɗaya ya rage, Barakatu."

"Likita ne ya zo? Sannu da zuwa, Likita. Gaya masa in yana son sauran, ga kifi nan yana jiran a kankare shi."

Musbahu ya dubi takardar, ya dubi ƙofar. Ya soke fensir a hula, ya naɗe hannun riga, ya ce mini, "Kada ka tafi, za a ci abinci da kai." Na zauna a falo tsakanin kwalaye da ƙamshin fata. Can na ji ana kankara, an ɗan yi cacar baki a kan wuƙar da ya ɗauka, sannan ta ɗauko waƙar daga farko.